Bakina Ya Riga Alƙalamina

Manyan labaran da na taɓa tonowa a aikin jarida babu wanda ya karanta su. Ba gwamnati ce ta hana ba, ba kuma edita ne ya danne ba. Ni ne ban rubuta su ba. Da baki na ba da su: wasu a bencin mai shayi, wasu a tabarmar majalisa bayan sallar isha'i, wasu a gidan ɗaurin aure ana jiran a fito da abinci, ɗaya ma a zaman makoki, Allah Ya yafe mini. Da ana ba da lambar yabo ta binciken da aka yi wa shela ba a kammala ba, da tuni bangon ɗakina ya cika.

Abin da ya jawo wannan tone-tone shi ne an ɗora mini duba ayyukan wasu ɗaliban koyon jarida 'yan ajin ƙarshe. Kowa da batun da zai bi: wannan lafiyar almajirai, wancan 'yan gwangwan, waccan mata masu aikatau a gidajen attajirai. Tambayar da suka fi yi mini kuwa ita ce ko ya halatta mutum ya riƙa sanar da jama'a yadda bincikensa ke tafiya tun bai gama ba. Har na gyara murya zan yi musu faɗan rawar kai da son a sani, sai na tuna laifi tudu ne. Kafin in hango nasu, gara in sauko daga kan nawa, in zagaya da ku ku ga faɗinsa.

Ni ba malalaci ba ne, a yi mini wannan shaidar. Ina fita, ina shan rana, ina cika littafi da rubutu. Ciwon yana tashi ne a hanyar dawowa gida, lokacin da labarin zai fara yi mini ƙaiƙayi a maƙogwaro. Da na cire takalmi a bakin tabarma wani zai ce, "Ɗan jarida, yau me ke ƙasa?" Sai in girgiza kai in ce, "Bari kawai." Duk majalisar ta san abin da zai biyo baya, don haka nan take a kashe rediyo. In waiwaya hagu, in waiwaya dama, in rage murya, in ce wannan magana tsakaninmu ce. Tsakaninmu ɗin nan ya haɗa da tela, da malamin firamare, da dillalin filaye, da wani baƙo da ban taɓa gani ba, wanda shi ma ya gyaɗa kai ya ce ai ba mai ji.

Daɗin abin ba ya misaltuwa. A daidai inda ya kamata a yi salati za a yi salati. A inda ya kamata a ce "Kai, ƙasar nan!" za a faɗa baki ɗaya. Babu editan da zai tsayar da ni ya ce wa ya gaya maka, babu mai gyaran rubutu da zai yanke mini sakin layi. Sai gari ya waye in zauna gaban takarda in ji jikina ya mutu. Ladan da ake wahalar rubutu dominsa na riga na karɓe shi jiya da daddare. Labari kamar dambu yake a madambaci: mai yawan ɗaga murfi yana nuna wa maƙwabta, turirin da zai dafa shi yake rabar musu.

Wata shekara da rani na ɗauko batun 'yan garuwa: ina suke ɗebo ruwan da muke sha, nawa suke sayen jarka, nawa suke sayar mana. A cikin yawon ne wani ya tsegunta mini cewa akwai rijiyar burtsatse da aka haƙa wa jama'a kyauta, wani mai ƙarfi ya zagaye ta da katanga yana sayar da ruwan. Mutum ɗaya ne ya faɗa, kuma ko ɗalibin ajin farko ya san ba a gina labari a kan baki ɗaya. Na san haka sarai, shi ya sa ban rubuta ba. Majalisa kawai na gaya wa.

Bayan 'yan makonni ina cikin adaidaita sahu sai direban ya ɗauko hirar ruwa, ya zayyano mini labarin nan tiryan-tiryan, har da kalar ƙofar katangar. Hannuna na rawa na zaro biro. Majiya ta biyu, daga sama! Na wuce ofis kai tsaye na ce, "Yallaɓai, magana ta tabbata." Editan namu dattijo ne da ya ga jiya ya ga yau. Ko ɗago kai bai yi ba ya ce, "Shi direban a ina ya ji?" Na koma tasha na nemo direba, ya ce mai wankin hula ne ya gaya masa. Mai wankin hula ya tura ni wurin mai shayi. Mai shayi ya ajiye ludayi ya dube ni ya ce, "Haba Malam, ba kai ka gaya mana ba?" Labarina ne ya zagaya gari ya dawo mini, kuma bai dawo hannu rabbana ba, don rijiyar da na saki guda ɗaya ta zama uku.

Wannan ƙarin ma ba laifin gari ba ne kaɗai. Uwargida, wadda tagar ɗakinta ke kallon majalisar, ita ta fara lura. Lokacin ina bin wani batu na tsohon hatsi da ake juyewa a sababbin buhuna. Na shigo wani dare ta aje mini tuwo ta ce, "Baban yara, shekaranjiya na ji buhu ɗari, jiya ɗari biyu, yau kuma na ji ka shiga tirela. Don Allah ka rubuta shi da wuri, kafin ya fi ƙarfin motocin ƙasar nan." Na buɗe littafina don in ƙaryata ta. Abin da na rubuta a wurin da idona ya gani shi ne: buhuna masu yawa, ban ƙirga ba.

Shi wannan labarin na hatsi an buga shi daga baya, sai dai ba da sunana ba. A wata walima na haɗu da wani abokin sana'a daga wata jarida, mutum mai daɗin sauraro. Ban taɓa samun mai jin hirata irinsa ba. "Kai mutumina, kai gwani ne! To daga nan sai aka yi yaya?" Ya ƙaro mini zoɓo. "Wace rana ka ce motocin ke zuwa?" Ya ƙaro mini nama. "Ta wace ƙofa ake shiga?" Na tashi daga walimar nan ina jin duniya ta fara sanin darajata. Ranar Juma'a na ga abina a shafin farko. Shi ya je ya ƙirga buhunan, ya ɗauki hoto, ya nemi jin ta bakin waɗanda ake zargi, duk abin da ni na bari sai gobe. Da dare na ɗauko zancen a majalisa don a taya ni jaje, wani matashi ya tare ni ya ce, "Ai Malam mun karanta. Wallahi mutumin nan ya iya bincike, ya kamata ku riƙa koyi da irinsu."

Asarar labari mai sauƙi ce. Wadda ta fi ta ita ce ka yanke hukunci a bainar jama'a, sa'annan ka fita neman shaida. An taɓa samun yara suna amai da gudawa a wata unguwa da ke kusa da masana'antar jima. Na je na shaƙi wari, na ga baƙin ruwa a lambatu, kafin in hau babur na gama shari'a. A daren nan na sanar cewa masana'anta ce ke kashe 'ya'yan talakawa, har kanun labarin na rera musu, aka yi ta jinjina. Da na koma sai wata ma'aikaciyar lafiya ta zagaya da ni gida-gida. Duk gidajen da ciwon ya shiga rijiya ɗaya suke sha, rijiyar kuwa taku kaɗan ne tsakaninta da shadda. Gidajen da suka fi kusa da masana'antar, masu sayen ruwa daga wani wuri, lafiyarsu ƙalau.

Mai hankali murna zai yi, ga gaskiya ga kuma magani a kusa. Ni raina ne ya ɓaci. Na shiga bin masana ɗaya bayan ɗaya ko zan dace da wanda zai ce masana'antar ce. Ba gaskiya nake nema ba a lokacin, belin bakina nake nema. Abin da ya faru a Zamfara a 2010 ya isa ya koya wa kowa tsoron zato na farko. Yara suna ta jijjiga suna mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da 'Yargalma, aka fara kai hankali ga cututtukan da aka saba gani, zazzaɓin cizon sauro da sanƙarau. Sai da likitocin ƙungiyar MSF suka sa aka gwada jini aka gane gubar dalma ce, daga duwatsun zinariya da ake dakawa ana niƙawa a tsakar gidaje. Yara kusan 400 suka rasu. Da irina aka aika can, da na sanar da sanƙarau tun daren farko, in shafe wata guda ina kare shi.

Akwai kuma wanda ba na iya ba da shi da dariya har ƙarshe. Wani akawu a wata sakatariya ya nuna mini takardar albashi mai ɗauke da sunayen mutanen da suka daɗe a kabari. Ya riƙe hannuna ya ce, "Malam, don Allah ka rufa mini asiri, ina da iyali." Na rantse ba zan ambaci sunansa ba, kuma ban ambata ba. Abin da kawai na ce a majalisa shi ne wani dattijo ne a sashen kuɗi, mai tsoron Allah, yana ɗan jan ƙafa, babur ɗinsa ja. Ba a yi nisa ba aka yi masa canjin wurin aiki zuwa wani ƙauye da mota ba ta shiga sai ranar kasuwa. Na bi shi can don in ba da haƙuri. Bai ɗaga murya ba. Ya sa aka kawo mini ruwa, ya tambayi mutanen gida. Sai da ya rako ni bakin hanya ya ce, "Malam, da sunan nawa ka faɗa da ya fi mini sauƙi. Masu sunana suna da yawa a ofishin. Mai jan ƙafa ni kaɗai ne."

Ƙa'idojin aikin jarida da aka amince da su a Ilorin a 1998 sun ce ɗan jarida ba ya tona majiyar da ta ba shi bayani a asirce. Na koyar da wannan, na sa shi a jarrabawa. Na san a 1984 an ɗaure Tunde Thompson da Nduka Irabor na jaridar Guardian shekara guda a ƙarƙashin Doka ta 4, kan labarin naɗin jakadu, kuma sun ƙi faɗin wanda ya ba su. Na san Bob Woodward na Washington Post ya riƙe sunan babbar majiyarsa ta badaƙalar Watergate fiye da shekara 30, har sai da mutumin, Mark Felt, ya bayyana kansa a 2005. Wasu da kurkuku aka matsa musu ba su faɗa ba. Ni da kofin shayi aka matsa mini, shi ma ni na biya.

Ba majalisar ce abar zargi ba. Tun da aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya a 1939, Abubakar Imam yana editanta, jarida da majalisa suke tafiya tare a ƙasar Hausa. Mai karatu ɗaya zai saya, ya karanta da ƙarfi, sauran su saurara su yi sharhi. Amma a lura da jerin: an bincika, an rubuta, an gyara, an buga, sa'annan aka kawo tabarma. Ni na juya abin ne kawai, na fara da tabarma, sauran matakan kuma suka ga ba a buƙatarsu.

To da wannan tarihi na tsaya gaban ɗalibai, waɗanda majalisarsu ta fi tawa hatsari, don tasu a aljihu take, ba ta tashi bayan isha'i, kuma ba ta mantuwa. Abin da na iya gaya musu na farko shi ne ƙaiƙayin nan na son ba da labari ba cuta ba ne, shi ne ma ya kawo su wannan sana'a. Wurin da za a fara sosa shi ne littafi. Kowace rana ka dawo, kafin ka yi magana da kowa, zauna ka ba littafin labarin duka: kwanan wata, wuri, wa ka gani, me ya ce, da wane sharaɗi ya faɗa. Ka raba shafin uku: abin da idonka ya gani, abin da aka gaya maka, da abin da kake zato. A rubuce waɗannan ukun ba sa haɗuwa. A baki kuwa kafin ka kai rabin hira sun zama abu guda, kai da kanka ba za ka iya tsince su ba. Ƙasan shafin kuma ka jera abin da ba ka sani ba tukuna. Ranar da wannan jerin ya fi sauran gajarta, ka kusa.

Na biyu, akwai abin da za a iya faɗa wa jama'a ana tsakiyar aiki, har ma ya yi amfani. Faɗi hanya, kada ka faɗi hukunci. Idan ka rubuta wa wata ma'aikata takardar neman bayani a ƙarƙashin Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011, wadda ta ba hukuma kwana 7 ta amsa, ba laifi ka bayyana yadda ka tsara takardar da abin da ya biyo baya, na bayanka su ƙaru. Ba laifi ka ce kana neman wanda ya taɓa sana'ar garuwa ya yi maka bayanin yadda ake yanke farashi. Tambaya tana jawo maka mutane, shela kuwa kore su take yi, ta kuma farkar da wanda kake bincike a kansa ya gyara takardunsa. Mutumin da ya ce "zan bankaɗo" ya ɗaure kansa, dole ya samo ɓarna ko da babu. Wanda ya ce "ina son in gane" ya bar wa kansa ƙofar da zai fita da mutuncinsa in gaskiya ta zo da wata fuska.

Na uku, majiya ba suna ba ce kaɗai. Hula majiya ce, babur majiya ne, bangon da ke bayanka a hoto majiya ne, har ranar da ka ce ka je wurin. Matar da ta ba ka labarin uwar ɗakinta ta yarda ne ka rubuta rahoto, ba ta yarda ta zama abin nuna wa abokai cewa kana fagen fama ba. In kuma maganar ta cika maka ciki har kana jin za ka fashe, nemi mutum ɗaya wanda aikinsa ne ya ce maka "wa ya gaya maka?" wato edita, ko malamin da ke duba aikinka. Mai salati ba ya gyara labari.

Ina cikin wannan bayani na ga ya kamata in ba su misali mai rai. Na ce akwai wani bincike da nake yi yanzu haka kan wasu azuzuwa da aka biya kuɗin gininsu ba a gina ba. Na waiwaya hagu, na waiwaya dama. Ban farga ba sai da na kai ga launin motar ɗan kwangilar. Wani ɗalibi a layin baya ya ɗaga hannu cikin ladabi ya ce, "Malam, wannan a rubuta ne, ko shi ma tsakaninmu ne?"

Abin da ke ɗan rage mini kunya shi ne ba ni kaɗai nake wannan jinya ba. Mu mutane ne masu ƙaunar aza harsashi. A kira makaɗa, a yanka zare, a kafa allo mai ɗauke da hoton ginin da za a yi, bayan shekaru ka wuce ka tarar allon ya yi tsatsa, akuyoyi na hutawa a inuwarsa. A ƙananan al'amuranmu ma haka ne: shagon da aka sha addu'ar buɗe shi tun ba a kama haya ba, littafin da dangi suka san sunansa tun ba a rubuta babin farko ba, ginin da maƙwabta suka san yawan ɗakunansa tun fili na hannun dillali. Kowa ya karɓi barka tun da sauran aiki, barka kuwa tana ƙosarwa. Magabata da suka ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, ina jin ba rufin asiri kawai suke nufi ba, har da adana ƙarfin da za a ƙarasa aiki da shi.

Da zangon karatu ya ƙare, aikin da ya fi kowanne kyau na wata ɗaliba ce da ban ji duriyarta ba tun farkon zango. Ta bi 'yan mata masu aikatau, ta yi hira da su, da iyayensu, da matan da ke kawo su birni, da matan gidajen da suke wa aiki. Kowace magana da madogararta, kuma ko ni da na karanta sau biyu ban iya gane gida ɗaya ba. Na kira ta na yaba, sa'annan na ɗan nuna ɓacin rai irin na malamai. Na ce ai na gaya muku ku riƙa zuwa wurin mai duba aikinku kuna sanar da shi halin da ake ciki, me ya sa ban taɓa ganinki ba? Ta sunkuyar da kai tana wasa da bakin mayafi ta ce, "Ka yi haƙuri, Malam. Yayana yana zama a majalisarku."